Ƙasa Ba Sarki Ba Gwamna: Lacca Kan Anakisanci da Gwajin da Aka Yi Masa a Sifaniya

(An kwafo daga faifan muryar wata lacca da aka yi wa ɗaliban kimiyyar siyasa. An rage maimaici, an bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan zama, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, yanzu kuma tawaye za ka koya wa yaran mutane?" Ban ga laifinsa ba. A kunnen yawancinmu wannan kalma ta anakisanci na nufin zaman kara zube, zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Su kuwa waɗanda suka riƙe ta aƙida, wani abu daban suke nufi. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta "babu mai mulki". Zan riƙa cewa anakisanci, kamar yadda bakinmu ya saba da kwaminisanci.

Tushen maganarsu guda ne. Duk wanda ya ce yana da ikon ba ka umarni, shi ne zai kawo hujja, ba kai ba. In ya kasa, a rushe kujerarsa. Kuma a ganinsu gwamnati, kowace iri, ta kasa kawo wannan hujja, domin ƙarshen zancenta kullum kulki ne da kurkuku. Abin da suke so a madadinta shi ne mutanen gari ko ma'aikatan masana'anta su zauna su yanke shawara da kansu. In ana bukatar haɗa kai da wani gari, a tura wakili da saƙo a bakinsa, in ya karkata a kira shi ya dawo gida ranar nan, ba sai an jira shekara huɗu ba.

Wanda ya fara kiran kansa da wannan suna a rubuce shi ne Bafaranshe Pierre-Joseph Proudhon, a 1840, a littafin da ya ce mallaka sata ce. Kada wani ya riƙe aljihunsa. Ba kekenka ko ɗakin kwananka yake nufi ba. Yana nufin mutumin da ke kwance a birni, amfanin gonar da bai taɓa taka ta ba yana zuwa masa duk kaka.

Bayansa sai Mikhail Bakunin, mutumin Rasha, wanda ya amsa tambayar da na san tana bakin wasunku: shin ba sa jin maganar kowa ke nan? Ya ce in zancen takalmi ne, wurin baduku zai je ya saurare shi, amma baduku ba shi da ikon tilasta masa. Ku duba likita. Ya ce ka sha magani sau uku a rana, ka bi domin ya fi ka sani, in ka ƙi kuma ba ya aiko maka da ɗan sanda. Wannan irin biyayya sun yarda da ita. Rigimar Bakunin da Karl Marx ita ce ta raba ƙungiyar ma'aikata ta duniya, har aka kori Bakunin a taron birnin Hague a 1872. Marx ya ce ma'aikata su ƙwace gwamnati tukuna, daga baya za ta bushe ta faɗi da kanta. Bakunin ya ce ma'aikacin da ya hau kujera ya daina zama ma'aikaci, sabon ubangida kawai za a yi. Duk wanda ya karanta tarihin Tarayyar Sobiyat ya san wanda ya ci wannan gardama.

Na ukunsu, wanda na fi so, Peter Kropotkin. Ɗan sarauta ne, har ya yi hidima a fadar Sarkin Rasha Alexander na Biyu yana saurayi, amma da aka ba shi zaɓi a 1862 sai ya nemi a kai shi Siberiya. A can ya lura cewa dabbobin da ke tsira daga wannan sanyi su ne masu tafiya garke-garke, kuma ƙauyawa na tafiyar da al'amuransu ba tare da takardar babban birni ba. A 1902 ya fitar da littafinsa kan taimakekeniya, yana mayar da martani ga masu cewa dokar halitta ita ce kashin dankali, babba ya danne ƙarami.

Ni da na karanta shi, gayya na tuna. Ina yaro a ƙauyenmu, in mutum ya kira gayya, tun da sassafe matasa ke hallara da fartanyoyi, makaɗi na biye da su kunya-kunya, mai gona ya tanadi fura da tuwo. Ba wanda ya rubuta suna, ba tara. Amma in ka saba noƙewa, ranar taka gayyar za ka tsaya a bakin gona kai da ƙaninka kuna kallon hanya. Hukuncin ke nan, kuma yana ci. Sai dai kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Muna gayya, dagaci na nan, hakimi na nan, ana karɓar haraji da jangali. Mu mutanen sarauta ne tun fil azal. In misalin al'ummar da ta rayu ba babban sarki kuke nema a ƙasar nan, ku dubi Tibi da yawancin garuruwan Ibo, inda Turawa suka rasa wanda za su kama sai da suka ƙirƙiro sarakunan takarda, abin da ya taimaka wajen tayar da boren matan Aba a 1929.

Wata 'yar ratse, domin na ga wani ustazu yana gyara zama. Gaskiya ne Bakunin da yawancin mabiyansa sun yi wa addini tawaye kamar yadda suka yi wa sarki, kuma wannan ba abin da Musulmi zai bi su a kai ba ne. Amma tambayar ko naɗa shugaba wajibi ne ta girme su nesa ba kusa ba. Ibn Khaldun a Muƙaddima ya ambaci al-Asamm, daga Mu'utazilawa, da wasu Khawarij, waɗanda suka ce in mutane sun tsai da adalci a tsakaninsu ba a bukatar imami. Ya kira wannan ra'ayi bauɗaɗɗe, kuma jumhurun malamai a kan wajibci suke. Ko mutum uku ne suka kama tafiya, hadisi ya ce su shugabantar da ɗaya.

Baƙin jinin da suka yi kuwa, su suka saya da kuɗinsu. Tsakanin 1894 da 1901, masu wannan aƙida sun kashe shugaban Faransa Sadi Carnot, da Sarauniya Elisabeth ta Ostiriya, da Sarki Umberto na Italiya, da shugaban Amurka McKinley. Ba gwamnatin da ta faɗi, sai ma dokoki suka ƙara tsauri. A gefe guda, hutun da muke yi ranar 1 ga Mayu ya samo asali ne daga yajin aikin neman awa takwas na 1886 a Amurka, wanda bayansa aka rataye 'yan anakisanci huɗu a Shikago.

To, mu zo kan abin da ya tara mu. Ana iya tafiyar da ƙasa haka? Wurin da aka yi gwaji mafi girma shi ne Sifaniya, musamman Basalona. Ba zancen ƙwallo zan yi ba, ku sauke hannu. (dariya)

A can akwai ƙungiyar ƙwadago ta 'yan anakisanci mai suna CNT, wadda aka kafa a 1910, mabiyanta suka haura miliyan ɗaya a lokacin yaƙin basasar ƙasar. A watan Yulin 1936 sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin jamhuriya, daga nan yaƙin ya ɓarke. A Basalona ma'aikata suka fito titi, tare da 'yan sandan da suka ƙi bin masu juyin mulki, suka murƙushe sojojin cikin kwana biyu. Gari ya waye a hannun CNT. Masu masana'antu da yawa sun gudu. Ma'aikatan taragan lantarki da ke jigilar mutane a cikin gari suka zauna, suka zaɓi kwamiti, suka share shingayen da aka gitta a titi, suka shafa wa taragan fenti ja da baƙi, cikin 'yan kwanaki sufuri ya dawo ba manaja ko ɗaya. Masaƙu, gidajen burodi, har shagunan aski, duk suka koma hannun masu aikin.

A ƙauyukan Aragon, wani yanki na Sifaniya, abin ya fi haka nisa. Ɗaruruwan garuruwa suka haɗe gonakinsu. A wasu aka soke kuɗi ɗungurungum, aka mai da coci rumbun gari, kowane gida da ɗan littafinsa. Ka je ka karɓi burodi da man zaitun, a rubuta. Rabo ba gwargwadon ƙarfinka ba ne, gwargwadon bakunan da kake ciyarwa ne. Wanda ya ce shi ba ya shiga, a ƙa'ida ana bar masa gonar da zai iya nomawa da iyalinsa, ba ɗaukar ɗan ƙodago. Na ce a ƙa'ida. Ka yi tunanin kana tsaye a dandalin gari, mayaƙa ɗauke da bindigogi sun yada zango a bayan gari, aka ce wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Wasu sun shiga da zuciya ɗaya, wasu tsoro ne ya shigar da su. Kuma a yankin da ke hannun gwamnatin jamhuriya an kashe limaman coci da masu hidimarsa kusan 7,000, 'yan anakisanci na da kaso mai tsoka a wannan jini. Wanda ya ba ku labarin taragai ya tsallake wannan, ya cuce ku.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ranar 20 ga Yulin 1936, shugaban Kataloniya, yankin da Basalona ce babban birninsa, Lluís Companys, ya kira jagororin CNT. Kamar yadda ɗaya daga cikinsu, Juan García Oliver, ya ba da labari, ya ce musu gari na hannunsu, in ba sa bukatarsa ya sauka. Gaba kura, baya sayaki. Su karɓi mulki, sun zama abin da suka shekara saba'in suna zagi. Su ƙi, wani zai karɓa ya juyo kansu. Suka bar shi a kujerarsa. Kafin shekara ta ƙare, a watan Nuwamba, huɗu daga cikinsu suka zama ministoci a gwamnatin Largo Caballero, firaministan jamhuriya. Federica Montseny ta riƙe lafiya, mace ta farko da ta zama minista a ƙasar. García Oliver, ɗan bindigar da ya sha zaman kurkuku, shi aka ba ma'aikatar shari'a. Mai cewa a rushe gidan yari ya wayi gari makullan na aljihunsa.

Me ya kai su? Yaƙi. Mayaƙansu na zaɓen jagororinsu da kansu, ba sara wa hafsa, a wasu rundunonin sai an tattauna kafin a kai farmaki. Jarumtaka ba a magana. Amma Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi tawaye, na samun jiragen sama da sojoji daga Jamus da Italiya, Ingila da Faransa sun naɗe hannu, makaman da ke shigo wa jamhuriya kuma daga Sobiyat suke, ta hannun 'yan kwaminis, waɗanda ba su ƙi a wayi gari babu CNT ba. A watan Mayun 1937 aka gwabza a titunan Basalona tsakanin 'yan gida ɗaya, rikicin da ya faro daga ginin wayar tarho da CNT ke riƙe da shi. Ɗaruruwa suka mutu, ministocin nan suka shiga rediyo suna roƙon mutanensu su ajiye makamai. A watan Agusta sojojin Enrique Líster, ɗan kwaminis, suka shiga Aragon suka rusa majalisar yankin, wadda 'yan anakisanci ke jagoranta, da gonakin haɗaka da dama. Basalona ta faɗa hannun Franco a Janairun 1939.

Magoya bayansu na cewa ba tsarin ne ya gaza ba, kashe shi aka yi. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni. Tsarin da ba zai iya kare kansa daga maƙwabci mai runduna ba, ai wannan ma gazawa ce, domin maƙwabci mai runduna ba ya ƙarewa a duniya. Abin da na yarda sun tabbatar shi ne, burodi da sufuri da noma ba sa tsayawa don manaja ya gudu. Da yawa daga abin da ake ce mana sai da oga, ƙarya ce.

Sai dai ko a nan akwai iyaka, kuma a unguwarmu na gan ta. Taransifomarmu ta ƙone, muka gaji da zarya, muka kafa kwamiti, aka yanka wa kowane gida abin da zai bayar. Muka yi wata biyu muna bi ƙofa-ƙofa. Wasu gidaje suka ce ba su da shi, alhali muna jin janareto na ruri a ciki. Ranar da aka kawo wuta, tare da mu suka kunna fanka. Dabarar gayya ba ta ci a nan, domin mutumin ba ya bukatar fartanyarka gobe, bai ma san sunanka ba. A taron da ya biyo baya, wani dattijo mai sanyin hali, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ne ya fara cewa a samo matasa su hau falwaya su yanke musu waya. Na ce a raina, ga rundunar 'yan sanda nan ana haihuwarta a gabana.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, ɗaga murya.

(Wata ɗaliba ta ce a ƙauyukansu na Zamfara ai gwamnati ta daɗe da janyewa, ko wannan shi ne anakisancin?)

Allah Ya kawo muku sauƙi, 'yata. A'a. Mutumin da ke sa wa gari kuɗi kafin a yi shuka, ya sake sa wani kafin a yi girbi, ya yanke wa wanda ya ga dama hukunci, ai mai mulki ne, asibiti da makaranta ne kawai ba ya ginawa. Da Kropotkin zai gan shi, cewa zai yi ga gwamnati nan tsirara, ba riga. Inda tambayarki ta fi cizo shi ne wajen 'yan sa-kai. Gari ne ya tashe su don ya kare kansa, ba wanda ya tilasta musu, daidai yadda littafin ya ce. To, ranar da suka kama wanda bai ji ba bai gani ba a kasuwa, wa zai ce musu ku sake shi, su kuma saka? An yi wannan tambaya a Basalona game da masu sintirin ma'aikata, kuma gwamnatin Kataloniya ce ta rusa su a 1937.

Shugaban taro yana nuna mini agogo, ga shi kuma an fara kiran salla. Mai sauran tambaya ya same ni a ofis ranar Talata bayan azahar. Wassalamu alaikum.