Dashen haƙori: abin da za ka yi bayan an dasa maka

Salamu alaikum jama'a, ya sanyin Jos? To yau dai maganar dashen haƙori ce, tambayoyi sun yi yawa a WhatsApp.

Kun ga ɗan sukurun nan a hannuna? Titaniyam ne, wani irin ƙarfe, shi ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar shi wata 3 zuwa 6 ƙashin ya kama shi gam kafin a ɗora haƙorin a kai. Ba sabon abu ba ne fa, tun 1965 wani likita ɗan Suwidin ya fara yi wa mutum. Hoton ƙashi da sauran gwaji wannan aikin likitanka ne, amma in kana da suga ka tabbata ya daidaita, in kuma kana shan sigari ko shisha, gaskiya ka ajiye, su ne kan gaba wajen hana ƙashi kamawa.

Ranar da aka yi aikin kar ka kurkure baki, sai washegari, da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali. Abinci mai laushi, kunu da ya huce, dankalin turawa a dame shi, gwate ma ya yi. Rake, aya, kilishi, hajiya a haƙura tukuna.

Yanzu inda nake so ku nutsu. Haƙorin da aka dasa ba ya ruɓewa, shi ya sa mutane ke sakaci, alhali dasashin da ke kewaye da shi yana kumbura, datti ya shiga ƙasa ya fara cin ƙashin, kuma tunda babu jijiya a ciki sau da yawa ba za ka ji zafi ba sai abu ya yi nisa. Don haka ga ɗan buroshin tsakanin haƙora. Ka sa shi daidai bakin dasashi, ba sama ba, nan ƙasa inda haƙori ya haɗu da nama, ka tura a hankali ka jawo, sau biyu uku, ta waje sannan ta ciki. In ya ƙi shiga kar ka matsa, ka sauya ƙarami. Ni na fi son mai rufin roba a jikin wayar, ba ya kartar ƙarfen, muna da shi a wurinmu in kun shigo. Tsinken sakace kuwa ku rabu da shi.

In ka ga jini kullum wajen gogewa, ko wari, ko haƙorin na motsi, kar ka jira ranar da aka ba ka, ka zo kawai. Sai mun haɗu.