Wasa 12 Cikin 162, Har An Fara Haƙa Kabari?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Shekaranjiya da daddare wani ɗan'uwanmu mazaunin unguwar Bronx a birnin New York, direban tasi, ya aiko mini da saƙon murya mai tsawo. Tun daga sallamarsa na gane ransa a ɓace yake. Ƙungiyar ƙwallon besbol da yake goyon baya ta buga wasa 12 a sabuwar kaka, ta ci 4, an cinye ta 8. Ya ce bana kam an gama, a kori koci, a sayar da wane da wane, shi ya haƙura sai baɗi in da rai. Ban ga laifinsa sosai ba. Wuni yake yi cikin mota yana sauraron tashoshin wasanni na can, su kuwa tun makon farko na kaka suke fara rabon kofi da haƙa kabari. Su ne suka ɓata mini rai, kuma saboda su nake wannan sharhi.

Mu fara da lissafi, tunda shi ba ya ƙarya. Babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Gasar Firimiya ta Ingila da muke kwana a gidajen kallo dominta wasa 38 ce. In ka auna su, wasa 12 na besbol bai kai wasa uku na Firimiya ba. Wane mai hankali ne zai ce an gama da ƙungiyarsa tun ba a buga wasan mako na uku ba? To, abin da ake yi ke nan duk watan Afrilu a Amurka, a gidajen rediyo da talabijin, kuma manyan mutane ne masu albashi suke yi.

Abin ma ya wuce nan. Besbol wasa ne da gwani ke faɗuwa a cikinsa fiye da yadda yake tashi. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai kulki ya buga, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu, in ya dawo gida lafiya an ci maki ɗaya. Mai kulkin da ya yi nasara sau uku cikin goma, ana kiran sa gwani, ana biyan sa miliyoyin daloli. Rabon da a sami wanda ya yi nasara sau huɗu cikin goma a kaka guda tun Ted Williams na Boston a 1941. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi ma takan sha kashi wajen sau 60 a shekara, wadda ta fi kowa rauni kuma takan ci wasa wajen 60. A mako biyun farko, ɗan wasa bai wuce tsayawa bugu sau 50 ba. In ya samu 15, a ce tauraro ne. In ya samu 10, a ce ya tsufa. Ƙwallo biyar ke tsakanin yabon nan da zagin nan, biyar kacal, kuma wata iska ce ta tare ta, wata mai tsaro ya yi tsalle ya cafke a bakin katanga. A kan ƙwallo biyar za a yanke wa mutum hukuncin sana'arsa?

Ga kuma sanyi. 'Yan wasan nan a jihohin Florida da Arizona suke atisayen share fage cikin Fabrairu da Maris, inda rana take. Sai a kwashe su a kai Chicago da Detroit da Cleveland da Minneapolis, inda a farkon Afrilu yatsu ke ƙagewa, kulki ya yi ta zafi a tafin hannu, ƙwallo kuma ba ta nisa a iska mai sanyi kamar yadda take yi a watan Yuli. A Afrilun 2007 dusar ƙanƙara ta hana Cleveland buga wasanninta na farko a gida, har sai da aka mayar da wasu zuwa Milwaukee, filin da ke da rufi. Wanda ya ga yadda mutum ya yi aiki da asubar hunturu, ai bai ga ƙarfinsa ba tukuna.

Kada a ce baki nake yi, ga tarihi. A 2019 ƙungiyar Washington Nationals ta buga wasa 50, ta ci 19, ta faɗi 31. Wasa 50 fa, ba 12 ba. Ana ta kiran a sallami kocinta Dave Martinez. Shugabanninta suka toshe kunne. Daga nan ƙungiyar ta ci wasa 74 cikin 112 da suka rage, ta shiga zagayen fitar da gwani, ta je ta doke Houston Astros a wasa na bakwai na World Series, wato karon ƙarshe na ɗaukar kofin gasar, a ƙarshen Oktoba, kofin farko a tarihinta. Waɗanda suka yi mata jana'iza a watan Mayu, ko ɗaya ban ji ya dawo ya nemi gafara ba. Atlanta Braves a 2021 sai cikin watan Agusta wasannin da ta ci suka fara rinjayar waɗanda ta faɗi, kuma ita ta ɗauki kofin shekarar.

Ku juya abin ta ɗaya gefen. A 2023 Tampa Bay Rays ta ci wasanninta 13 na farko a jere. Duniyar besbol ta ɗauka, aka fara yi mata kirari. Ƙungiya ce mai kyau, ta gama da nasara 99, amma ko rukuninta ba ta ɗauka ba, Baltimore ce ta ɗauka da 101. Da aka shiga zagayen fitar da gwani, Texas Rangers ta yi waje da ita a wasa biyu. Milwaukee Brewers ma ta yi irin wannan farawa a 1987, wasa 13 ba faɗuwa, watan Mayu na kamawa ta sha kashi 12 a jere, ta ƙare a matsayi na uku. Manomi ya san wannan. Ruwan farko yakan sauka da ƙarfi, mai garaje ya kwashi iri ya zuba, sai sama ta ɗauke kwana ashirin.

Na san abin da za a ce mini: Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma nasarar Afrilu da ta Satumba duk ɗaya suke a tebur. Za a kawo Detroit Tigers ta 1984 da ta ci 35 cikin 40 na farko ta kuma ɗauki kofi, a kawo Baltimore Orioles ta 1988 da ta faɗi wasa 21 a jere tun daga ranar buɗewa, a kawo Chicago White Sox ta 2024 da ta fara da faɗuwa 22 cikin 25 ta ƙare da faɗuwa 121. Duk gaskiya ne, amma ba su taimaki masu wannan hujja ba. Detroit ta ci wasa 92 a 1983. Baltimore ta faɗi 95 a 1987. White Sox ta faɗi 101 a 2023. Kowa ya san halinsu tun kafin a jefa ƙwallon farko, Afrilu maimaita tsohon labari kawai ya yi. Larabar waɗannan ƙungiyoyi kaka ce cikakkiya ta wasa 162, ba mako biyu ba.

Da a ce abin surutu ne kawai, da ban ɓata lokacinku ba. Amma gaggawar nan mutane take ci. A waccan kakar ta 1988, Baltimore ta kori kocinta Cal Ripken babba bayan wasa shida. Shida! Mutumin da ya shafe sama da shekara talatin yana yi wa ƙungiyar hidima, 'ya'yansa biyu suna cikin masu buga mata wasa. Aka kawo Frank Robinson, shahararren ɗan wasa a zamaninsa, sai ƙungiyar ta ƙara faɗuwa 15 a jere. Ina amfanin korar? An wulaƙanta dattijo don a kwantar da hankalin masu ihu, cutar kuma tana nan inda take. E, akwai lokacin da sauya koci ya zo da alheri, kamar Philadelphia a 2022 da ta sallami Joe Girardi ta kai har World Series. Amma ita sai da ta ga wasa 51, a watan Yuni, kafin ta yanke shawara.

'Yan wasa ma ba su tsira ba. A Afrilun 2004 Derek Jeter, kyaftin ɗin New York Yankees, wanda ya riga ya ɗauki kofi huɗu da su, ya tsaya bugu sau 32 a jere bai samu ko ɗaya ba. Magoya bayan gida, a filinsu na Bronx, suka yi masa ihu. Ya gama kakar yana samun kusan uku cikin goma kamar yadda ya saba, ya kuma yi ritaya da bugu 3,465. Shi ya jure domin yana da suna. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda aka ɗaga sama da wuri. Chris Shelton na Detroit, a 2006, ya buga ƙwallo ta haure katanga sau 9 a wasa 13 na farko. Aka cika gari da sunansa. Ƙarshen watan Yuli ƙungiyar ta mayar da shi ƙaramar gasa. Yaron bai yaudari kowa ba, mako biyu masu kyau ya samu, aka ɗora masa kayan da ba nasa ba, da ya kasa ɗauka kuma aka juya masa baya.

To wa ke cin ribar wannan garaje? Masu shirin da ke da awa uku na iska kullum, dole su cika ta da wani abu, haƙuri kuwa ba ya tara masu kiran waya. Sai kuma kamfanonin caca. Tun watan Mayun 2018 da kotun ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, tallarsu ta cika filaye da akwatunan talabijin. Babu abin da mai gidan caca yake so irin mutumin da ya ga wasa goma ya ɗauka ya gane kaka. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun ga yadda samarinmu ke zuba kuɗin abincinsu a waya saboda ƙungiya ta ci wasa biyu a jere. Cutar ɗaya ce, ƙwallon ce kawai ta bambanta, kuma wallahi tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ban ce kada a kalli wasannin Afrilu ba. A kalla, a ji daɗi. A cikin watan ne ake ranar tunawa da Jackie Robinson, 15 ga Afrilu, ranar da a 1947 ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar a wannan zamani, inda kowane ɗan wasa ke sanya lambarsa, 42. Amma mai son ya fahimci abin da ke tafe, ya ɗauke ido daga tebur ya duba hannun masu jifa. Kowace ƙungiya tana da manyan masu jifa biyar da ke karɓa-karɓa, a mako biyu kowannensu bai wuce fita biyu ko uku ba. Ƙarfin jifansu yana nan ko ya ragu? Suna taɓa gwiwar hannu bayan jifa? A nan ne kaɗai Afrilu ke yanke hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. A farkon Afrilun 2024 Shane Bieber na Cleveland ya fita sau biyu ba a ci shi ko maki ɗaya ba, sai jijiyar gwiwar hannunsa ta samu matsala, aka yi masa aiki, kakarsa ta ƙare. Cikin kwanakin nan kuma Spencer Strider na Atlanta ya bi sahu. Wannan shi ne labarin da ya cancanci awa uku a rediyo: me ya sa hannuwan samarin nan ke lalacewa tun kaka ba ta yi nisa ba, su wa ke matsa musu su yi jifa da dukkan ƙarfinsu tun ranar farko cikin sanyi? Amma duk da rashin Bieber, Cleveland ta ɗauki rukuninta a shekarar. Ko raunin babban ɗan wasa bai isa a rufe littafin ƙungiya a Afrilu ba, balle faɗuwa takwas.

Kuma a tuna, tun 2022 ƙungiyoyi 12 cikin 30 ke shiga zagayen fitar da gwani. Arizona ta kai World Series a 2023 da nasara 84 kawai. St. Louis ta ɗauki kofi a 2006 da nasara 83, wato faɗuwarta 78. Ƙofar a buɗe take fiye da yadda take a da, amma masu ihu sun fi kowane lokaci saurin cewa an rufe.

Malam direba, na san kana ji na, ko ba yanzu ba in ka tashi aiki. Ƙungiyarka tana da sauran wasa 150. Na 13 yana nan da ƙarfe bakwai na yamma agogonku, sha biyun dare ke nan agogon Najeriya da Nijar. Ka kashe waccan tashar, ka ɗauki rigar sanyi, ka je fili in da hali, ka lura mini da hannun mai jifanku. Ƙarshen watan Mayu ka sake aiko mini da saƙo, in Allah ya kai mu, mu zauna mu duba teburin tare.