Birki Da Fitila Kafin Hular Kwano: Darasi Daga Rumfar Mai Gyaran Keke

Baba mai gyara: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Kai yaro, wayar ta fara ɗauka?

Yaron rumfa: Ta fara, Baba.

Baba mai gyara: To madalla. Koma ta can, kar rana ta haske maka wayar. Yau darasinmu a kan abin da ya kamata mai keke ya fara kashe wa kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, rumfar nan ba ta rabo da baƙin fuska. Malamin makaranta, ma'aikacin ofis, har wanda a da ko masallacin unguwa sai a mota yake zuwa, kowa ya kakkaɓe tsohon keke ya fito da shi, ko kuma yana neman na saye. Tambayarsu kuma ɗaya ce: "Baba, wane keke zan saya?" Wanda zai ce "Baba, duba min birki" kuwa, sai ka ga ya zo yana ɗingishi, gwiwar wando a yage.

Bari in sallami maganar wane keke a gurguje. Nuna musu baƙin keken nan da ke jingine. Wannan shi ne keken iyayenmu, mai taya inci 28. Raleigh ɗan Ingila ne ya fara yin suna da shi, sannan Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka biyo. Idan kaya za ka riƙa ɗauka, buhun masara ko jarkokin ruwa, ba ka da kamarsa, kuma duk ƙauyen da ya lalace maka za ka sami kayan gyaransa. Aibinsa nauyi, da birkin ƙarfe, wanda zan dawo kansa. Idan kuma zirga-zirgar cikin gari ce, nemi na gwanjo mai giya, mai faffaɗar taya inci 26, shi ne ke jure rami da yashi. Siririn nan na tsere, a bar wa 'yan wasa. Ƙaya ɗaya ta ishe shi, kullum kana wurin mai faci. Akwai kuma wani sabo mai sheƙi, mai araha, da sifirin gaba da baya. Ni dai ra'ayina, kwalliya ce kawai. Nauyin banza, kuma wata uku ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Abu ɗaya zan ƙara, saboda iyaye. Kar a saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa wai don zai girma ya tarar da shi. Duk mun yi wannan hawan na zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, kana tuƙi a karkace kamar kaguwa, kuma duk muna da tabonsa. A lokacin kuma titi ba haka yake ba. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ƙarfen bai taɓa shi ba. In ba haka ba, ba nasa ba ne tukuna.

To, birki. Matso nan sosai, kusa da wilin gaba. Kun ga robar nan? Sabuwa tana da tsagi-tsagi a fuskarta. Wannan kuwa duba, ta shafe sumul kamar tafin tsohon silifa, har ƙarfen ciki ya leƙo ta gefe. Mai keken nan ma'aikaci ne, ya sa madubi biyu, ya sa jiniya mai batir, ya naɗe ƙarfen da tef kala-kala. Robar da kuɗinta bai kai na tef ɗin ba, ita ce ya bari.

Gwaji uku za ka yi, ba sai ka zo wurina ba. Na ɗaya, matse hannun birki. In ya tafi har ya taɓa kan keken kafin ya kama, wayar birki ta saki, a ja ta. Na biyu, duba inda robar ke sauka. A kan rim za ta zauna daidai. In ta hau sama tana gogar taya, wata rana za ta yanka maka ita kana cikin gudu. Na uku, matse birkin gaba ka tura keken. Wilin baya ya kamata ya ɗaga. In keken ya ci gaba da silalewa, to ba ka da birki, sunansa kawai kake da shi.

Yaron rumfa: Baba, amma ai cewa ake birkin gaba shi ke wuntsila mutum.

Baba mai gyara: Yauwa, na san za ka faɗa. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun cire birkin gaba gaba ɗaya, wallahi har kawo min ake a ce in kwance shi. Ku saurara. Duk lokacin da ka ja birki, nauyinka da na keken gaba yake tafiya. Wilin gaba ya danne ƙasa, na baya ya yi sakayau. Shi ya sa in ka matse na baya kaɗai da ƙarfi sai ka ji taya ta yi ƙiiii tana jan ƙasa, kai kuma kana ta tafiya. Yawancin ƙarfin tsayawa a gaba yake. Abin da ke wuntsila mutum shi ne fizga, mutumin da bai taɓa amfani da shi ba, ranar firgita ya damƙe shi lokaci guda, hannuwansa a sake. Ga yadda ake yi: ka matsa biyun tare, a hankali sannan ka ƙara, ka ja mazaunanka baya a kan sirdi, ka ƙanƙame hannuwa su tokare. Je filin makaranta da yamma ka yi ta gwadawa har hannunka ya saba. Kuma ka san wane hannu ne na gaba a kekenka, don ba duka ɗaya ba ne, wani dama wani hagu, musamman na gwanjo. In ka ari keken wani, wannan za ka fara dubawa kafin ka hau.

Inda za ka sassauta wa na gaba shi ne cikin yashi, ko tsakuwa, ko kana tsakiyar shan kwana. Nan wilin gaba na iya zamewa, kuma in gaba ta zame babu ceto. Rage gudu tun kafin kwanar.

Sai damina. Baƙin keken nan da na nuna muku rim ɗinsa ƙarfe ne mai santsi. In ya jiƙe, za ka matse birki ka ji kamar ba ka taɓa komai ba, sai wilin ya juya 'yan zagaye robar ta share ruwan sannan ta kama. Don haka ranar ruwa ka riƙa ɗan taɓa birki tun daga nesa. Kuma don Allah masu zuba baƙin mai a cen har ya riƙa ɗiga, ku sani duk ɗigon da ya sauka a rim ya kashe birki. Mai kaɗan, a goge saura da tsumma. Yaran da ke taka silifa a kan taya su tsayar da keke kuma, wannan ba zan ma ɓata bakina ba.

Na biyu fitila. A nan zan ba ku labarin kaina. Wata shekara cikin hunturu, hazo ya sauka, na tashi daga kasuwa bayan magariba, sanye da kaftani mai duhu, keken ba fitila ba komai. Ni ina ganin hanya tas, domin fitilun motoci na haska min. Ban ankara ba sai ji na yi an kwashe ni ta baya, ni da keken muka faɗa kwata. Mai babur ne. Na tashi da faɗa, bawan Allah yana ta rantsuwa bai gan ni ba. Ban yarda ba. Bayan kafaɗata ta yi sauƙi, na je na tsaya a gefen titin a daidai wannan lokacin ina kallon masu keke suna wucewa. Wallahi sai mutum ya zo dab da kai kake gane akwai shi. Inuwa ce kawai ke motsi. Tun ranar na yafe wa mutumin a zuciyata.

Kuskuren shi ne kana ganin mota, sai ka ɗauka ita ma tana ganinka. Fara a gaba, ja a baya, kar a juya su, don direba da ya hango ja ya san bayan abu ne. Dainamo ta da, wadda ke gogar taya, tana aiki, amma kana tsayawa take mutuwa, a mahaɗa kenan, inda ka fi bukatarta. Yanzu akwai ƙanana masu caji da cajar waya, su na fi so. Ƙyallin nan na jikin feda kuma kar ka raina shi, yana hawa yana sauka, ido na saurin kama abin da ke motsi. In ka sami riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, ɗora a kan kayanka. Za a yi maka dariya a majalisa kwana biyu, shi ke nan.

Na uku kyauta ne, ko kwabo ba za ka kashe ba: bi hannunka. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma har gobe akwai mai keken da zai ce maka shi ya fi son ya fuskanci motoci, wai gara ya ga abin da ke zuwa. To direban da zai fito daga layi ya hau titi, hagunsa yake kallo, don ta nan motoci ke tahowa. Kai kuma ka ɓullo masa ta dama, inda bai sa ran kowa ba. Sannan in kun yi gaba da gaba, gudunka da nasa haɗuwa suke.

Babbar mota kuma, kai, ajiye wayar a kan benci ka miƙo min kwalin can. Ɗauka ka ci gaba. Wannan kwalin tirela ce, wannan sifanar kai ne. Tana tsaye a mahaɗa za ta sha kwana dama. Ka ga fili tsakaninta da gefen titi, ka kutsa. Kan motar zai fara buɗewa hagu kamar ba nan za ta ba, sannan ta karyo. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwanar suke, kun gani, sai su rufe filin nan da kake ciki. Ga kwata a damanka, ba wurin gudu. Direban kuma yana can sama bai san kana nan ba. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma ba ya ganinka. Masu bin hanyar Dawanau da titin Zariya, ku ne nake wa wannan. Tsaya a bayanta, ta gama kwanarta ka wuce. Yara masu kama bayan tifa ta ja su, duk wanda ya ga nasa ya zane shi, ni na ce.

Adaidaita sahu ma a ba shi tazara. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 suka cika titi, kuma duk inda aka ɗaga masa hannu nan ne tasharsa. Motar da ke fake a gefe, bar mata kamar mita guda, ƙofa na iya buɗewa. In za ka juya, waiga, miƙa hannu, sannan ka juya. Abin sauraren waƙa kuma cire shi daga kunne, kunnenka shi ne madubinka na baya.

Tufafinmu ma suna da nasu. Babbar riga da sifok ba sa ga maciji, tattare ta ka zauna a kai. Bakin wando na dama, ta wajen cen, ɗaure shi da roba ko ka cusa a safa. Wanda ya fi ci min rai shi ne ƙaramin yaro a kan kariyar bayan keke, ƙafafu na reto kusa da wili. Diddigen yaro in ya shiga sifok, ba na so in kwatanta muku. A sa masa takalmi rufaffe, a ɗaura masa wurin taka ƙafa, ko a rufe gefen wilin da raga.

Yaron rumfa: Baba, har yanzu ba ka taɓo hular kwano ba, kuma ita aka fi tambaya.

Baba mai gyara: Da gangan na bar ta ƙarshe. Ba wai ba ta da amfani ba, ga tawa can a rataye, kuma ba na hawa babban titi sai da ita. Amma hula ba ta hana ka faɗuwa, aikinta yana farawa ne bayan komai ya riga ya lalace. A Holand, ƙasar da aka fi sani da hawan keke, yawancinsu ba sa sawa, saboda an ware musu hanyarsu daban da ta motoci. Mu nan da tirela muke raba kwalta, don haka kar wani ya kafa min hujja da su. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayi hula ya ɗauka ya gama, alhali ba birki ba fitila.

In za ka sa, sa ta daidai. Ba kamar hular zanna ba, a ture ta ƙeya goshi a waje. A miƙe take zama, yatsu biyu tsakanin gira da bakinta. Igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne. Ta haɓa kuma a ɗaure, yatsa ɗaya ya iya shiga, ba hannu ba. Wadda ba a ɗaure ba tana riga ka isa ƙasa. Juya ta ka nuna musu ciki. Wannan farin abu mai kama da na cikin kwalin talabijin shi ne hular, robar waje rufi ce kawai. Yana murƙushewa ne ya shanye bugun, kuma sau ɗaya yake yi. Ta taɓa buguwa da ƙarfi, ta gama aiki ko da waje na sheƙi. Shi ya sa ta gwanjo sai ka duba cikinta da kyau, ka ga tsaga ko lotsawa, ajiye musu abarsu. Ta magina ba ta wannan aikin ba ce, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ta babur kuma nauyi da zafi, a watan Afrilu ba za ka kai shataletale biyu ba za ka cire ta ka rataya a kan keke.

Wa alaikumus salam Alhaji, bismillah, jingine shi nan. Faci ne? To, amma bari in ji birkin tukuna. Kun ji ko? Har ya taɓa. Kai yaro, kashe wayar ka kawo min sifana mai lamba goma.