Joel Chandler Harris da Tatsuniyoyin Bayin Amurka

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Mutumin da za mu tattauna a kansa yau, Joel Chandler Harris, Bature ne ɗan garin Eatonton a jihar Jojiya ta Amurka, ya rasu a Atlanta a 1908. A 1862 yana yaro ya samu aikin koyon ɗab'i a gandun Turnwold, inda mai gandun, Joseph Addison Turner, yake buga jarida. Shekara huɗu Harris ya yi a wurin. Da dare sai ya zauna a ɗakunan bayi yana sauraron tatsuniyoyinsu, kuma wannan sauraro shi ne jarinsa.

Ya koma jaridar Atlanta Constitution a 1876, a can ya fara buga labaran ta bakin wani tsoho da ya ƙago, Uncle Remus. Littafin farko ya fito a 1880, na biyu a 1883.

Yadda yake tattara labari abin lura ne. Ba ya tambaya kai tsaye, don an san in baƙo ya tambaya, mutane kan yi gum. Sai shi ya fara ba da labari. A tashar jirgin ƙasa ta Norcross a 1882 haka ya yi wa ma'aikatan layin dogo baƙaƙen fata: ya ba su labarin zomo da 'yar tsanar kwalta, nan take bakinsu ya buɗe, kowa na kawo nasa. Wannan labarin mun san shi. Zomo ya gaida 'yar tsana, ba ta amsa ba, ya kai mata mari hannu ya manne, ya kai shuri ƙafa ta manne. Haka Gizo ya yi da budurwar danƙo.

To ina matsalar? Harris ya rubuta magana daidai yadda kunnensa ya ji, ya karya ƙa'idar rubutun Ingilishi don ya kama lafazin. Masu nazarin harshe sun amfana, amma mai karatu sai ya karanta da ƙarfi kafin ya gane. Babbar matsalar kuwa ita ce Uncle Remus da kansa: tsohon bawa mai fara'a, yana wa ɗan farar fata tatsuniya kamar bai taɓa jin zafin bauta ba, alhali zomon da ke cikin labarin marar ƙarfi ne da ke tsira da wayo. Marubuciya baƙar fata Alice Walker, 'yar garin su Harris, ta zarge shi da raba ta da gadonta. Wani marubuci baƙar fata, Julius Lester, ya sake rubuta tatsuniyoyin daga 1987, ya sauƙaƙa harshen, ya cire yanayin gandun.