Laccar rini: yadda Indiyawa ke buga zane da katako da laka

To jama'a, abu uku zan faɗa in lokaci ya bari. Na farko katakon. Ana sassaƙa fure ko ganye a jikinsa kamar hatimi, a jiƙa shi a mai kwana da kwanaki don kar ya tsage, mai bugu ya dangwala a launi ya ɗora kan yadi ya ɗan naushe shi, ya ɗaga ya matsa gaba. Kowane launi da katakonsa. Mu wuce.

Wanda nake so ku ji shi ne na biyu, dabu, wato bugun zane da laka. Ba dambu na ce ba malam, na ga har ka gyara zama (dariya). A Bagru, wani gari kusa da Jaipur a jihar Rajasthan, akwai mutanen da ake kira Chhipa, gadonsu ne, suna kwaɓa baƙar laka da farar ƙasa da ƙaro, eh ƙaron nan dai namu, da garin alkamar da ta lalace. Wannan kwaɓin ake bugawa a yadi, ba launi ba. Sai a barbaɗa garin katako a kai, a shanya a rana, sannan a tsoma a ruwan baba. Duk inda laka ta zauna shuni ba ya shiga, ana wankewa sai ga fure fari tas. Laka fa jama'a! Laka! Kuma in ta bushe tana ɗan tsattsagewa, shuni ya bi ta nan ya bar wasu siraran jijiyoyi, ni wallahi su ne ma suka fi burge ni. Wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata ya san sauran, yadi ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Mu zare muke ɗaurewa, su laka suke mannawa.

Na uku... na yi na biyu kuwa? To na uku launuka ne. Baƙi dai tsohon ƙarfe mai tsatsa ne da mazarƙwaila a jiƙa wajen sati biyu, warin kam sai haƙuri. Ja kuma alif ake fara bugawa kafin a dafa yadin da wata saiwa, rawaya ɓawon rumman.

Hajiya na tambaya wai ba ya zuba? Shunin yakan ɗan zuba a wankin farko, amma babbar matsalarsu ruwa ne Hajiya. Masu zanen ajrakh, wani irin bugun katakon ne shi ma, na ƙauyen Dhamadka a yankin Kutch na jihar Gujarat, ruwan rijiyoyinsu ƙarfe ya yi masa yawa yana ɓata launi, ga girgizar ƙasar 2001 ta zo ta rushe garin, sai da yawansu suka tashi suka nemi inda ruwa ke da kyau kusa da birnin Bhuj, suka kafa sabon ƙauye mai suna Ajrakhpur. An ɗago min takarda wai lokaci ya ƙare.