Yadda Tsofaffin Gidajen Giya na Bakin Kogin Tems Suka Koma Wurin Cin Abincin Masu Hannu da Shuni

Masu kallo, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wannan kogi da kuke gani shi ne Tems, wanda ya ratsa tsakiyar birnin Landan kafin ya faɗa teku. A gefensa, tun daga Hammersmith a yamma har zuwa Greenwich a gabas, akwai tsofaffin gidajen giya, wasu daga cikinsu sun haura shekara 400 a inda suke. Gine-ginen suna nan, sunayen ma galibi ba su canza ba, amma cikin shekara 40 da suka wuce abincin da ake sayarwa a ciki ya canza, kuɗinsa ya canza, mutanen da ke zama a kan kujerun ma ba su ne na da ba.

Mai kallo da ba ruwansa da giya yana iya tambayar abin da ya shafe shi da wannan magana. A Ingila, mashayar unguwa ta daɗe tana yin aikin da teburin mai shayi yake yi a garuruwanmu: nan ake jin labari, nan mai neman aiki yake jin inda ake ɗaukar mutane, nan 'yan ƙungiyar ƙwadago suke taronsu, nan kuma dangi suke haɗuwa bayan an dawo daga jana'iza. Saboda haka maganar tana kan inda talakan birni zai zauna da 'yan uwansa ne, da kuma abin da ke faruwa idan wurin ya yi daraja a idon masu kuɗi.

Mu fara da Prospect of Whitby da ke unguwar Wapping, wadda ake danganta kafuwarta da wajajen shekarar 1520, kuma ta samo sunanta na yanzu daga wani jirgin ruwa da ya saba tsayawa kusa da ita. A tsallaken kogin, a Rotherhithe, akwai Mayflower, kusa da inda jirgin nan mai wannan suna ya tashi a 1620, a tafiyar da ta kai shi Amurka. Masu shiga irin waɗannan wurare a da su ne 'yan dakon tashar jiragen ruwa, da matuƙan kwale-kwale, da ma'aikatan jirgi da suka sauka bayan watanni a teku. Ɗan dako yakan je ƙofar tasha da sassafe ya tsaya cikin cincirindo yana jiran shugaban aiki ya nuna shi. In an ɗauke shi, ya zo mashaya da yamma da kuɗin yini, in ba a ɗauke shi ba, ya zo ya ji inda za a sauke kaya gobe. Abinci kuwa bai wuce na toshe yunwa ba: dafaffen ƙwai da aka jiƙa cikin ruwan tsami a babbar kwalba a kan kanta, da burodi da cuku, da soyayyen dankali na leda. Ba wanda yake zuwa kallon ruwa, domin kogin wari yake yi, har a 1957 masana suka bayyana cewa wani sashe nasa ya zama mataccen ruwa saboda ƙazanta.

Abin da ya fara rushe wannan rayuwa shi ne kwantena. Manyan jiragen da ke ɗaukarta ba sa iya shigowa tsofaffin tashoshin cikin gari, sai aikin ya koma Tilbury, can kusa da bakin teku. Daga 1967 zuwa 1981 aka rufe tashoshin Landan ɗaya bayan ɗaya, unguwannin suka zama kufai. A 1981 gwamnati ta kafa hukumar raya yankin, aka mayar da tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya gidaje masu tsada, aka gina dogayen benaye na Canary Wharf inda bankuna suka tare. A daidai wannan lokaci kogin yana ta samun tsabta, kuma a 1996 aka buɗe hanyar masu tafiya a ƙasa da ke bin gaɓarsa. Ruwan da a da ake juya wa baya ya zama abin kallo, baranda mai fuskantar kogi kuma ta zama kadara mafi tsada da mashaya ta mallaka.

Sai kuma doka ta shigo. Kafin 1989, manyan kamfanonin yin giya guda shida ne suka mallaki mafi yawan gidajen giya na Birtaniya. A wannan shekara gwamnatin Margaret Thatcher ta umarci duk kamfanin da ya mallaki fiye da 2,000 ya saki rabin abin da ya haura wannan adadi, sai dubban gidaje suka shiga kasuwa. A 1991 wasu mutum biyu, David Eyre da Mike Belben, suka karɓi wata tsohuwar mashaya mai suna Eagle a titin Farringdon, suka kafa murhu a bayan kanta inda kowa ke ganin kuku yana aiki, suka riƙa rubuta abincin ranar da alli a kan allo. Eagle ba a bakin kogi take ba, amma ita ake ɗauka a matsayin farkon salon da ake kira gastropub, wato mashayar da abinci mai kyau ya zama babban cinikinta, kuma babu inda salon ya samu karɓuwa kamar gaɓar Tems, inda ake da tsohon gini da tarihi da ruwa da sababbin maƙwabta masu kuɗi.

Ku dubi The Gun, wadda ke Isle of Dogs, 'yar tafiya kaɗan daga Canary Wharf. Mashayar 'yan dako ce shekara da shekaru, har gobara ta cinye ta a 2001. Da aka sake buɗe ta a 2004, ta dawo da ɗakin cin abinci na musamman da jerin abinci irin na manyan otal, masu aikin banki suka zama manyan masu cinikinta. A Limehouse kuma, shahararren kukun nan Gordon Ramsay ya karɓi wata mashayar bakin ruwa a 2007 ya sa mata suna The Narrow. Can yamma da Landan, a garin Marlow da ke kan Tems, mashayar Tom Kerridge mai suna Hand and Flowers ta zama ta farko da ta samu tauraro biyu na Michelin a 2011, lambar yabon da a da sai manyan gidajen abinci ke samu.

Ba son ƙawa kaɗai ya kawo wannan ba, har da matsin lissafi. Manyan kantuna suna sayar da giya da arha, mutane suka koma sha a gida. A ranar 1 ga Yuli, 2007, aka hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila, abin da ya rage zaman tsofaffin 'yan gida, ya kuma sa wurin ya dace da mai zuwa da iyali. Daga 2008 zuwa 2013 harajin giya ya riƙa hawa kowace shekara fiye da hauhawar farashi, ga haya, ga kuɗin wuta, ga matasa da yawa da suka rage sha ko suka daina. Gidajen giya a Birtaniya sun ragu daga kimanin 60,000 a shekarar 2000 zuwa wajen 45,000 a 'yan shekarun nan. Mai mashaya da ya dubi dattijon da zai riƙe kofi ɗaya na awa guda, sannan ya dubi mutum huɗu da za su ci abinci kala uku a kan wannan teburin, ya san wanda zai biya masa haya.

In kun shiga irin wannan wuri ranar Lahadi da rana, za ku ga sauyin a ƙananan abubuwa. An naɗe tsohon kafet, an goge katakon ƙasa, an cire allon jifan kibiya daga bango domin a samu wurin ƙarin tebur biyu. A kan kowane tebur da ke kusa da taga akwai 'yar takarda ɗauke da sunan wanda ya kama wurin ta intanet da lokacin da zai zo, kuma ma'aikaciya za ta gaya muku cikin ladabi cewa teburin naku ne na awa biyu. Soyayyen kifi da dankali yana nan, sai dai an rubuta tekun da aka kamo kifin, gasasshen naman Lahadi kuma ya haura fam 20 faranti ɗaya. Dattijon da aka haifa a layin baya, wanda mahaifinsa ya yi dako a tashar nan, ba wanda ya kore shi. Yana tsaye ne a ƙarshen kanta, domin ba kujerar da ba a kama ba.

Dole a faɗi alherin da ke cikin sauyin. Tsohuwar mashaya wurin maza ce mai hayaƙi, mace ba ta sakewa a ciki, baƙo ma wani lokaci kallon banza yake sha. Yanzu mata da yara suna shiga, wanda ba ya shan giya yana samun shayi ko lemo ba tare da an ɗaga masa gira ba, kuma gine-gine da dama da za a rushe abincin ne ya tsirar da su. Amma a ganina an yi asarar abu mai nauyi, wato wurin da mutum zai shiga ba shiri, ba alƙawari, da ɗan canjin da ke aljihunsa, ya tarar da wanda ya san sunansa. Mai ƙaramin ƙarfi da mai zaman kaɗaici su ne suka fi buƙatar irin wannan wuri, su ne kuma sabon tsarin bai yi lissafi da su ba.

Akwai masu ƙoƙarin riƙe abin da ya saura. Ƙungiyar CAMRA, mai kare giyar gargajiya da gidajen giya, wadda aka kafa a 1971, tana ajiye jerin gidajen da cikinsu ke da darajar tarihi, tana kuma yaƙi da rufe su. Wata doka ta 2011 ta bai wa mazauna unguwa damar yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda idan za a sayar da ita sai an ba su wata shida su nemo kuɗin taya ta. Tun 2017 kuma ba a rushe mashaya a Ingila ko a mayar da ita kanti sai da izinin ƙaramar hukuma. Waɗannan dokoki gini suke karewa, ba su da ta cewa kan farashin faranti ko yawan teburan da za a keɓe wa masu kama wuri. Wannan ya rage ga mai mashaya, kuma akwai waɗanda suke raba gidan biyu: ɗakin sama ko na baya na masu cin abinci, ɗakin gaba kuma ba a kama wuri a cikinsa, duk wanda ya riga zuwa shi ke zama.