Naman Sa da Burokoli: Girkin Dare Cikin Rabin Awa

Maryam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Anti Rabi da Sadik, kuma girkinmu na wanda ya dawo gida a gajiye ne: naman sa da burokoli, wato koren kayan lambun nan ɗan uwan kabeji, irin suyar 'yan China. Anti, barka da yamma.

Anti Rabi: Barka kadai, Maryam. Sai dai a yadda aka san shi yanzu, a gidajen abincin 'yan China da ke Amurka ya yi suna. Mutanen kudancin China da wani ganye mai suna gai lan suke yi, da suka je can sai suka koma wa burokoli don shi ya fi samuwa.

Sadik: Mu kuma daga Jos ake kawo mana shi, sanyin can ya karɓe shi. In za ki saya ki duba mai duhun kore, kansa a dunƙule. Wanda ya fara rawaya ya kwana biyu.

Maryam: To a fara da awo, na mutum huɗu.

Sadik: Nama rabin kilo, burokoli kamar giram 400, tafarnuwa ƙwaya huɗu, ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, man gyaɗa babban cokali uku. Amma kafin ki taɓa wuƙa ki ɗora farar shinkafa, don suyar kanta ba ta kai minti goma ba.

Maryam: Anti, naman ne damuwata. Shanunmu na kiwo ne, sun sha tafiya, namansu sai ya daɗe a wuta. Ta yaya zai yi laushi cikin minti biyu?

Anti Rabi: A wurin mahauci ake farawa. Ki ce ya ba ki tsoka zalla, ta gadon baya in akwai, ba jijiya ba kitse. Naman ƙauri da na wuya na farfesu ne, kada ki kawo su nan. In kin zo gida, idan da sauran lokaci, ki sa shi a firiza minti 20 zuwa 30, ya ɗan sandare ba ya daskare ba, zai fi yankuwa siriri. Sannan ki dubi jikinsa, za ki ga zare-zare sun miƙe waje ɗaya. Ki gicciye su da wuƙa, kauri kada ya wuce milimita huɗu. In kin bi tsawon zaren, ko ya dahu sai muƙamuƙi ya gaji.

Sadik: Sai jiƙo. A rabin kilon nan ki zuba bekin soda rabin ƙaramin cokali, soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken soya, babban cokali ɗaya, ruwa cokali biyu, ki cakuɗa da hannu har naman ya shanye. Sannan kwanfulawa babban cokali ɗaya, mai cokali ɗaya a ƙarshe. Ki bar shi minti 15 zuwa 20.

Maryam: Bekin soda ko bekin foda? Mutane na haɗa su.

Sadik: Soda. Ita ke hana tsokar ɗaurewa idan ta ji zafi. Kwanfulawar kuma tana lulluɓe kowane yanka, ruwan jikinsa ba ya tserewa. Kuma farin sitacin nan nake nufi, ba garin masarar tuwo ba.

Maryam: Wanda ba shi da soda fa, ya sa kanwa? Ai aikinsu ɗaya.

Anti Rabi: Kusan ɗaya ne, amma ni ba zan ba da shawararta ba. Ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata, ba ki da ma'auni. Ko sodar ma in ta yi yawa naman zai yi santsi, ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Gara ki bar ta gaba ɗaya ki ƙara sirinta yankan.

Maryam: To romon fa?

Anti Rabi: Ki haɗa shi a kofi tun kafin ki kunna wuta: soya sos babban cokali biyu, oyista sos, wato romon kwalba mai kauri da ake yi da kawar teku, cokali biyu, sukari ƙaramin cokali ɗaya, ruwa ko ruwan nama rabin kofi, kwanfulawa ƙaramin cokali biyu. Ba gishiri, ba dunƙulen magi. Soya sos gishiri ne da kansa, nan hannun mutanenmu ke zarcewa. Za ki kuma ga ana rubuta giyar shinkafa a girkin asali. Ki bar ta, ɗan ƙaramin cokali na binega ya wadatar.

Sadik: Burokolin kuma ki yanka shi daidai loma, girma ɗaya. Kada ki zubar da kararsa, ki fere bayan ki yanka siriri, ya ma fi zaƙi. Ki jiƙa a ruwan gishiri minti biyar saboda ƙananan tsutsotsi na ɓuya a ciki. Sannan ki jefa shi cikin ruwa mai tafasa minti ɗaya, in ya yi yawa ɗaya da rabi, ki juye a matsami ya tsane sosai.

Maryam: Me zai hana a soya shi ɗanye kawai, a rage wanke-wanke?

Sadik: Samansa zai ƙone, kararsa na nan da tauri. Amma akwai hanya: bayan kin kwashe naman, ki zuba shi a kaskon da ruwa cokali uku, ki rufe minti biyu, tururi ya dafa shi.

Anti Rabi: Yanzu ga inda girkin ke gyaruwa ko ya lalace. Kasko mai faɗi, na ƙarfe mai kauri, ki bar shi ya yi zafi har ya fara ɗan hayaƙi kafin ki zuba mai. Ki raba naman gida biyu. Ki baza kashi ɗaya, kowane yanka ya taɓa kasko, ki ƙyale shi minti ɗaya cur ba juyawa. In ƙasan ya yi ja ki juya, rabin minti, ki kwashe ko da akwai sauran ja-ja a ciki. Zai ƙarasa a romo.

Maryam: In an zuba duka a lokaci ɗaya?

Anti Rabi: Zafin kaskon zai faɗi, naman ya saki ruwa, suya ta koma dahuwa. Sai ki gan shi fari-fari yana iyo. Wutar gida ba ta kai ta gidan abinci ba, balle risho. Mai risho ma gara ya raba uku, ko ya hura gawayi sosai, ya fi ba da zafi.

Sadik: Daga nan gudu ne. Ɗan mai, tafarnuwa da citta, da attaruhu ɗaya in ana son yaji, daƙiƙa 20 kawai, don tafarnuwa in ta ƙone ɗaci take yi. Ki mayar da burokoli da naman har da ruwan da ya tsatso a faranti. Ki motsa romon a kofi kafin ki zuba, sitacin ya riga ya kwanta a ƙasa. Da ya tafaso zai yi kauri yana sheƙi, minti ɗaya ke nan. Ki sauke, ki ɗiga man riɗi ƙaramin cokali ɗaya.

Maryam: In romon ya yi kauri da yawa, ko ya tsinke?

Sadik: Mai kauri, ruwan zafi cokali-cokali. Wanda ya tsinke, yawanci burokolin ne bai tsane ba. Ki dama kwanfulawa ƙaramin cokali a ruwan sanyi ki ƙara, kada ki barbaɗa garin kai tsaye, gudaji zai yi.

Anti Rabi: Mai son ya ƙara rage lokaci, ya yanka naman ya haɗa romon tun da safe ya sa a firji. Amma sodar a bari sai an dawo, in nama ya wuni a cikinta lugub zai yi.

Maryam: Madalla. Anti Rabi, Sadik, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.